Faɗuwar da Ta Fasa

Kalkata,
3 ga Nuwamba, 1988

Baffa Janardan,

Ina durƙusawa in taɓa ƙafafunka, tare da fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Ni ce Ketaki, 'yar ƙaninka Waman. Ba mu taɓa ganin juna ba. Adireshinka a kan wasu ambulan huɗu na same shi cikin akwatin Baba, duk a liƙe, kowace da hatimin gidan waya cewa an mayar wa mai aikowa. Ka gafarce ni da na rubuto da Turanci, harshenku na Marathi ban iya abin da ya wuce gaisuwa ba.

Kwana goma sha biyu ke nan da Baba ya faɗi a banɗaki. Shanyewar ɓarin jiki ce, ɓangaren dama. Yana gane ni, amma magana ta tafi. Mutumin da ya yi shekara talatin yana tsawata wa ma'aikatan kamfanin shayi da harshe uku, yanzu kalma ɗaya ta rage masa, ta Turanci: wobble. Ita yake faɗi da safe, ita yake faɗi in ya ga cokali.

Haɗiya tana masa wuya, abu mai laushi kaɗai aka yarda a ba shi, shi kuma ya datse baki. Likita ya ce jiri yake nufi, an ba shi maganin jiri, bai daina ba. An ce in bai fara ci ba za a zura masa roba ta hanci.

Mama ta rasu shekara huɗu da suka wuce, ni kaɗai ce a kansa. Sau ɗaya na taɓa jin ya ambace ka, ya ce duk ƙasar Konkan babu wanda ya san cikin kalmar Turanci kamar yayansa. Don haka na rubuto. Me kalmar nan take ɗauke da shi wanda mu ba mu gani ba?

'Yarka mai jiran amsa,
Ketaki Khare

Guhagar,
9 ga Nuwamba, 1988

Ketaki,

Albarka gare ki. Wasiƙarki ta iso, Turancinki ba laifi, sai dai kina yawan sa waƙafi.

Ashe ana tunawa da ni in an rasa ma'anar kalma. To, aikina ne, na yi shi shekara talatin da huɗu ga yaran da suka fita suna rubuta takardar neman aiki da kuskure bakwai a layin farko. Na kuma yi shekara goma sha ɗaya ina haɗa ƙamus. Maɗaba'a uku suka dawo min da shi. Ta ƙarshe ta ce mutumin da ya ɓata shafi huɗu a kan kalmomin abu mai rawa bai san darajar takarda ba. Yana nan a kan kabad, gara tana karanta shi a hankali, ta kai harafi na shida.

Ga abin da shafi huɗun nan suka ƙunsa, a taƙaice.

Turawa mutane ne masu sanyin jini, amma a wannan kusurwa ta harshensu akwai abin da har yau ban gama mamakinsa ba. Sun zauna sun dubi abubuwan da ba su da ƙashi, waɗanda ba ruwa ba ne ba kuma dutse ba, suka ga cewa ba rawa iri ɗaya suke yi ba, suka ba kowace rawa sunanta.

Akwai jiggle. Wannan 'yar rawa ce mai sauri wadda wani ke jawowa daga waje, kamar tumbin mai shago in motar safa ta faɗa rami. Kalma ce mai dariya a cikinta. Ba a faɗarta a gidan makoki.

Akwai quiver. Ita daga ciki take fitowa, ba wanda ya taɓa abin. Leɓen yaro kafin kuka ya zo, ko fatar wuyan saniya in ƙuda ya sauka. Siririya ce, sai mai lura yake ganinta.

Sai kalmar da kika tambaya. Wobble ta fi su nauyi, ta fi su jinkiri. Abu ne da yake tsaye, ya karkata har ki ce ya tafi, sai ya dawo, ya wuce tsakiya ya karkata ɗaya gefen, ya sake dawowa. Tebur mai gajeriyar ƙafa yana yi. Keke a hannun sabon koyo yana yi. Abin da ya riga ya zube ba a faɗa masa ita, abin da yake a kafe ma ba a faɗa masa. A ƙamusina na rubuta: faɗuwa ce da ta fasa. Ki furta ta a hankali ki ji yadda leɓɓanki suke haɗuwa su rabu su sake haɗuwa, kamar bakin ma yana tangal-tangal. Wanda ya fara furta ta bai san karatu ba, na tabbata, amma ya ga wani abu da kyau.

Wannan shi ne abin da kalmar take nufi. Abin da mahaifinki yake nufi kuwa, ban saba sani ba. A watan Yuli na 1966 mahaifiyarmu ta yi kwana tara tana duban ƙofa. Na buga masa tangaraho uku. Amsa ɗaya ta zo, kalma biyu ta Turanci, ba kuskuren nahawu ko ɗaya: yana baƙin ciki, ba zai iya ba. Da ta rasu, ni kaɗai na kai gawarta bakin teku, ni kaɗai na sa wutar ƙona ta. Mai iya taƙaita magana haka, ba abin mamaki ba ne in ya koma kalma ɗaya.

Ki gwada jeli, abin zaƙin nan mai rawa a faranti. Nas-nas sun san shi.

Baffanki,
J. Khare

Kalkata,
15 ga Nuwamba, 1988

Baffa,

Gaisuwa da girmamawa. Na gode da darasin. Na karanta shi sau uku a bencin asibiti, kuma ba zan ɓoye maka ba, ya yi kyau. Da a wani lokaci ne da na kwafe shi a littafi.

Jeli mun gwada tun kafin wasiƙarka. Ja, da kore. Ya dube shi, ya dube ni kamar na zage shi, ya juya fuska bango. An sa robar ranar Talata, ya fizge ta da hannun hagu. An sake sawa, ya sake fizgewa, jini ya ɓata matashi. Yanzu ƙarin ruwa kawai ake yi masa. Likita ya ce jikin mai shekara sittin ba ya rayuwa a kan ruwan kwalba har abada. Agogon hannunsa ya sauko har gwiwar hannu.

Abu ɗaya ban gaya maka ba don ban ɗauke shi komai ba. In zai faɗi kalmar, yakan buɗe tafin hagu ya daidaita shi kamar mai riƙe da faranti, ya ɗan kaɗa shi, yana kallon tafin, yana jira. Wata nas ta ce, "Baban nan rawa yake koya mana." Ni ban ga rawa ba.

Ka ce Yuli 1966. Ranar tara ga Yuli 1966 aka haife ni, ina wata bakwai a ciki. Na yi mako biyar a cikin kwalba, Mama kuma sai da aka ƙara mata jini sau huɗu. Jiya na buɗe ɗaya daga cikin ambulan ɗin nan, ka yafe min. Shafi shida ne, da Marathi, da hannun Baba. Ban iya karantawa ba sai kwanan wata da sunana. Ban ce wannan ya wanke shi ba. Na san halinsa, gara a tsane shi da ya tsaya bayani a tangaraho.

Ba sulhu nake roƙo ba, Baffa. So nake ya ci abinci. In ba ka sani ba, ka ce ba ka sani ba, in daina jiran ɗan gidan waya.

Ketaki

Guhagar,
22 ga Nuwamba, 1988

Ketaki, 'yata,

Albarka mai yawa. Tangarahona zai riga wannan takarda isowa, ina fata kin fara neman saniyar da na ce.

Na sani. Tun layin da kika rubuta kalmar a wasiƙarki ta farko na sani, kafin in kai ƙarshen jimlar. Na zauna na feƙe fensir na rubuta miki darasi. Kwana goma sha uku na ci daga jikin mahaifinki, ina sane. Ki riƙe wannan, kada ki yi saurin yafe shi.

Mahaifinmu akawu ne a gidan waya, shi ya fara koya mana Turanci a baranda, kalma biyar kowace safiya. Ba shi da allo ba shi da hoto, duk abin da ke kusa da hannunsa shi yake ɗauka ya nuna. Wata safiya saniyarmu ta haihu. Inna ta tatsi dakashi, nonon farko mai kauri mai ruwan ɗorawa, ta yi abin da muke kira kharwas. Ta kawo shi a farantin tagulla daidai lokacin da Baba ya iso kan wannan kalma. Sai ya ɗauki farantin a tafinsa, ya kaɗa, ya ce, "Ku duba. Wobble."

Ni ina da shekara goma, na gane kalmar aikatau ce. Waman yana da shida, ya ɗauka sunan abincin ke nan da Turanci. Baba ya gyara masa, ni na dake shi a kai, bai canja ba. Har ya yi gemu in saniya ta kusa haihuwa sai ya ce, "Inna, bana akwai wobble?" Ita ma da ba ta san ko harafi ɗaya ba ta ɗauka, tana cewa "wabal". Duk duniya mutum huɗu ne suka san wannan kalma da wannan ma'ana. Biyu sun tafi.

Wasiƙarki ta biyu ta iso shekaranjiya. Na karanta, na sa ta ƙarƙashin agogo. Jiya da hantsi maƙwabciyata Rukhma, wadda ke da shanu uku da bakin da ya fi na shanun, ta tsaya a ƙofa.

"Malam, kana ciki, ko Turancin ya cinye ka?"

"Me kuma ya faru?"

"Saniyata Kapila ta haihu. Mace. Ga rabonka."

"Kin san ba na karɓa."

"Na sani. Shekara ashirin da biyu kana mayar min da kwano kamar na zuba maka guba. Yau hannuna duk kashin shanu ne, ba zan ɗauka ba. Ka ba kare in ka so, shi ya san godiya."

Ta dire kwanon ta juya. Na ɗauka na bi ta don in mayar mata har gida. A bayan rumfarta na tarar da 'yar maraƙar, jiƙe sharkaf, uwar tana lasarta. Tana neman tashi. Ta fara ɗaga ƙafafun baya, gaba na ƙasa kamar mai gaisuwa. Sannan ta miƙe duka, ƙafa huɗu kowace ta nufi garinta. Ta karkata hagu, na ce ta tafi. Ta dawo. Ta wuce ta karkata dama. Na miƙa hannu ban sani ba.

Rukhma ta ce, "Cire hannunka, Malam. In ka riƙe ta ba za ta iya ba."

"Za ta faɗi."

"Ta faɗi mana. Ƙasar ba nisa."

Ba ta faɗi ba. Ta tsaya tana rawa a kan ƙafafun da ba ta san nata ba ne, minti nawa da zuwanta duniya, ba wanda ya koya mata, sannan ta tura baki ƙarƙashin uwar ta samu abin da ta zo nema. Shafi huɗu na rubuta a kan wannan, Ketaki, shekara goma sha ɗaya, ga shi dabba ta yi shi a gabana cikin minti biyu, ta fi ni iyawa.

Na koma gida da kwanon. Na sauko da farantin Inna, ya yi kore, na goge shi da toka da tsamiya. Ga yadda ake yi, ki bi daidai. Dakashin rana ta farko kofi ɗaya, madarar yau da kullum kofi ɗaya, don in ba a sirka ba yakan yi tauri kamar roba. Mazarƙwaila, ba sukari ba, ki narkar ki tace. Ki kankare gyaɗar ƙamshi kaɗan a kai. Ki zuba a faranti mai ɗan zurfi, ki rufe, ki turara shi a kan tafasasshen ruwa kamar na sulusin awa. Kada ki buɗe kina leƙe. In kin soka wuƙa ta fito tsaf, ya yi. Ki bari ya huce.

Ba ƙwai, ba gari, ba komai da zai riƙe shi. Ruwa na zuba. Na ɗaga murfin na tarar da shi a tsaye da kansa, santsi kamar goshin jariri. Na yi shekara sittin da huɗu, na karanta littattafan da suka fi ƙarfin garin nan, ban san wanda ya gaya wa nono yadda ake tsayawa ba. Kwana biyu ko uku kawai saniya take ba da irinsa, daidai kwanakin da ɗanta yake koyon tsayuwa, sannan ya koma madara kamar kowace madara. Na ɗora farantin a tafina na kaɗa. Ya tafi, ya dawo. Na daɗe a tsaye a kicin.

Kuma ki duba wannan. Jini ya fashe a cikin kan mutum, ya share harshe uku, ya share sunan 'yarsa, ya share kamfani da muƙami, ya bar kalma ɗaya. Kuma ba daidai ɗin ya bari ba, kuskuren yaro ɗan shekara shida ya bari. Na yi rayuwata ina jan layi ja a ƙarƙashin kuskure.

A bayan layukan Kalkata akwai masu garken shanu da ke sayar da madara, ki je da kanki ki tambayi wadda ta kusa. In sun ba ki, kada ki mayar da kwano wayam, ki zuba shinkafa ko tafi ɗaya ne. Haka ake yi.

Abu na ƙarshe. Inna ba ta raba mana. Ɗaya ya yanka, ɗaya ya zaɓa. Shi yake yankawa don shi ne ƙarami, ni nake zaɓa, kuma ban taɓa ɗaukar ƙaramin ba.

Ambulan ukun da suka rage, ki bar su a liƙe.

Baffanki,
Janardan

Kalkata,
30 ga Nuwamba, 1988

Baffa,

Ina taɓa ƙafafunka.

Garke biyar na zaga da tangarahonka a hannu. A na biyar wani dattijo ya dubi takalmina ya ce, "'Yar ofis, me za ki yi da nonon maraƙi?" Na ce babana ne. Ya ce, "To babanki ɗan ƙauye ne, ko ya ɓoye miki." Ya nuna min wata baƙar saniya, ya ce kwana biyu ko uku. Ranar Lahadi ta haihu, ranar Litinin wasiƙarka ta iso. Ya ƙi karɓar ko kwabo. Na mayar da kwanon da shinkafa, matarsa ta leƙa ciki, ta dube ni, ta ce wa ya koya min.

Na farko ya yi ramuka, na buɗe na leƙa. Na biyu ya tsaya.

Na kai shi asibiti a cinyata cikin tasi. Baba yana kwance fuskarsa bango. Na zagaya, na ɗora farantin a tafina a gaban idonsa, na kaɗa.

Baffa, ban san yadda zan rubuta maka fuskarsa ba. Rabinta a mace take, ka sani. Ɗaya rabin ya koma na wani yaro da ban taɓa gani ba. Bai faɗi kalmar ba. Tun ranar bai sake faɗarta ba.

Muka tayar da shi zaune. Na ɗebo a cokali, ya kau da kai. Na ce shi ke nan, wannan ma ba shi ba ne. Sai ya karɓe cokalin da hagu, ya juya shi, ya ja layi da bindinsa a tsakiyar farantin. A karkace. Ya ajiye cokalin. Ya dubi ƙofa.

Nas ta ce, "Baba, ci mana, wa kake jira?"

Na tuna ƙarshen wasiƙarka. Na ce, "Baffa Janardan ya ce wannan nasa ne." Na ja babban gefen wajena.

Wani sauti ya fito daga ƙirjinsa, nas ta ruga za ta kira likita. Dariya ce. Ya yi ta har hawaye suka sauko ta idon da ke aiki. Sannan ya buɗe baki. Cokali bakwai ya ci. Washegari goma sha ɗaya. Yau da dakashin ya ƙare ya karɓi kunun shinkafa, yana yatsina fuska, amma ya haɗiye.

Likita bai yi min alkawarin komai ba. Ya ce abin na iya dawowa gobe, yana iya yin shekara.

Rabonka na kwana biyun na cinye a tsaye a bayan ƙofa, ka yi haƙuri. Kullum yana duban inda na kai shi. Dattijon garken ya ce akwai wata jar saniya da za ta haihu wajen tsakiyar Disamba.

Waƙafin na rage, ko ka lura.

'Yarka,
Ketaki

Guhagar,
6 ga Disamba, 1988

Ketaki,

Albarka. Na lura.

Motar safa ta Bambai tana tashi ranar Alhamis, daga can jirgin ƙasa kwana biyu. Mai yiwuwa in riga takardar nan isowa. Rabona da fita daga gundumar nan shekara goma sha tara, Rukhma ta ce zan ɓata tun a tasha. Gwiwoyina ba su da tabbas a kan matakala, ki zo da wanda zai ɗauki akwati, amma kada a riƙe ni.

Farantin Inna yana cikin kayana. Ki ajiye min ambulan ɗin, a gabansa zan buɗe.

Ki gaya masa wannan karon ni zan yanka, shi ya zaɓa.

Baffanki,
Janardan